Furen ƙaya a katangar da ba ta samun rana: abin da masu furannin Kano ke sayarwa, da abin da ke kamawa

Duk wanda ya tsaya wajen masu sayar da furanni na bakin titi a Nasarawa ko Bompai, ya ce yana neman abin da zai hau katanga ya hana ɓarawo tsallakowa, amsa ɗaya zai ji: boganbiliya. Kafin ya rufe baki an jero masa leda biyar, mai ja, mai shunayya, mai fari, mai ruwan lemo, ana cewa, "Alhaji, wannan in ta kama ko kyanwa ba ta ratsa ta." Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai rabinta aka faɗa. Babu wanda zai tambaye ka ina katangar take kallo, ko awa nawa rana ke taɓa ta, alhali a nan ne kuɗin yawancin mutane ke halaka.

Wurin da ɓarawo ke so shi ne wurin da furen ba ya so. Bayan gida ne, inda mangwaro ko darbejiya ta yi rumfa, ko siririn lungun nan da ke tsakanin gini da katanga a sabbin gidajen Hotoro, Kabuga da Rijiyar Zaki, wanda faɗinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Can babu ido, babu fitila, babu rana. Don haka da irin wannan wuri muka auna kayan masu furanni da aikin dashen da suke yi.

Kafin a je saye, a auna inuwar

Inuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma a Kano tana sauya gefe. Garin yana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da kanmu, sauran watannin shekara kuwa ta kudu take karkata. A Disamba, da tsakar rana, katanga mai tsayin mita biyu da rabi da ke kudancin gida tana jefa inuwar da ta kusa mita biyu zuwa cikin tsakar gida. Ma'ana, fuskar cikin katangar kudu kusan wata takwas take yi ba ta ga rana sosai ba. Katangar arewa kuwa fuskarta ta ciki rana take sha duk hunturu. Ta yamma tana samun hantsi, ta gabas tana samun ranar la'asar, wadda ita ce mai ƙuna a bazara. Mai shukar da ya zo duba gida a Yuni zai ga gindin katangar kudu tar da haske, ya dasa, Oktoba na zuwa wurin ya koma duhu.

Awon ba shi da wuya. A ware rana guda, a ɗauki gawayi, a leƙa katangar ƙarfe 8, 10, 12, 2 da 4, kowane lokaci a ja layi inda hasken ya tsaya a jikinta. A rubuta lissafi biyu daban: awannin da gindin katanga ke samu, da awannin da samanta ke samu. Na biyun ya fi muhimmanci, domin a sama ne mai tsallakowa ke ɗora hannu, kuma sau da yawa gindi yana cikin inuwa amma kan katanga yana shan rana awa shida ko bakwai. Wannan ita ce inuwa mai sauƙi. Mai wuya ita ce ta ƙarƙashin itace. Darbejiya tana barin haske ya ɗan tsiyayo, tana kuma rage ganye a ƙarshen rani, amma saiwoyinta suna shanye duk ruwan da aka zuba a kusa. Mangwaro ya fi ta muni: ganyensa a cushe yake shekara duka, ƙarƙashinsa kuma busasshe ne ko a damina.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa tun yanzu. Idan reshen mangwaron ya haye katanga ya leƙa waje, to shi ne tsanin ɓarawo, kuma babu ƙayar da za a dasa a ƙasa ta gyara wannan. A sare duk reshen da ya kai kaurin dantse wanda ke cikin mita biyu daga katanga. Sara ɗaya, amfani biyu: an cire tsani, an buɗe wa shuka haske.

Boganbiliya

Ita ce hajar da ta fi kowace samuwa, kuma a wurin da ya dace babu kamarta. Asalinta daga Kudancin Amurka take, an raɗa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, wanda ayarinsa suka tsince ta a Barazil a shekarun 1760. Abin da ake kira furenta, mai kama da takarda, ganye ne mai launi. Furen gaskiya shi ne ɗan farin nan da ke tsakiya. Tana jure zafin Afrilu, tana jure ƙurar hunturu, ba ta neman ruwa da yawa in ta kama. A Kano ma a rani ta fi yin ado, saboda ƙishi ne ke sa ta fure.

Tana buƙatar rana awa biyar zuwa shida kafin ta yi fure sosai. A inuwa ba ta mutuwa nan take, sai dai ta canja hali: ta miƙe siririya, gaɓoɓinta su yi nisa da juna, ta zubar da ganyen ƙasa, ta tafi neman haske. Wanda ya saya don ado zai ji haushi. Wanda ya saya don tsaro kuwa, wannan halin ana iya juya shi ya zama riba, matuƙar kan katanga yana samun rana. Sai a bar mata rassa biyu ko uku kawai, a ɗaure su su hau tsaye, a riƙa tsinke duk tohon gefe har su kai sama. In sun wuce kan katanga da kamu biyu, a lanƙwasa su a kwantar hagu da dama a jikin waya. Reshen da aka kwantar shi ne ke fitar da toho a kowace gaɓa, kuma waɗannan sabbin rassan masu ƙarfi su ne ke ɗauke da manyan ƙayoyi, wasu har tsawon gaɓar yatsa. Cikin damina biyu ana samun gammon ƙaya a saman katanga ko da gindin tsirara yake.

Idan kuwa saman ma ba ya samun awa huɗu, a haƙura da ita. Za ta yi shekara uku tana nan kamar igiya, gara ta ƙarasa ta.

Wajen zaɓe, masu saye suna bin launi, kuma nan ake yin kuskure. Irin da ganyensa ke da ratsin fari ko rawaya, da gajerun da ake sawa a tukunya, sun fi tsada, sun fi jinkirin girma, ƙayarsu kuma ƙanana ce, a inuwa kuma su ne farkon karaya. Masu fure ninki-ninki ba sa zubar da busasshen fure, sai ya maƙale ya yi ruwan ƙasa kamar tsumma. Tsohuwar mai shunayya, wadda ake gani a katangun makarantu da tsofaffin gidajen gwamnati, ita ce mafi arha kuma mafi ƙarfi, ita ce kuma ta fi haƙuri da ƙarancin rana. A sa yatsa a taɓa ƙayar kafin a biya.

Sannan a ɗaga ledar. Wannan ne gwajin da ke raba mai shuka na ƙwarai da mai neman kuɗin yau. Boganbiliya da yankan reshe ake renonta, mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, kuma yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya yi saiwar kirki. Amma reshen yana iya fitar da ganye tun bai yi saiwa ba, da ragowar abincin da ke jikinsa. Irin wannan in ka ɗan ja shi sai ka ji yana motsi a cikin ƙasa. A bar shi. Akasinsa kuma shi ne wanda ya daɗe a wuri ɗaya har saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa. In ka ɗaga ka ji ya tsinke, ka ga farar jijiya a gutsure a ƙasan leda, to kafin ka isa gida ya yi yaushi. Mai kyau shi ne wanda ledarsa ta tashi ba gardama, ƙasar ta riƙe tam, ana hango siraran saiwoyi ta hudojin gefe. Saiwar boganbiliya ba ta son a taɓa ta ko kaɗan. Ranar dashe da reza ake tsaga leda a zare, ba a jan shukar ta wuya, kuma kwana ɗaya kafin nan a daina ba ta ruwa don curin ƙasar kada ya wargaje.

Sauran abin da ke kan layi

Ros mai hawa, wato furen wardi, ana tallarta da hoto a waya. A Kano, a inuwa, asarar kuɗi ce: ba ta fure, jan gizo-gizon ganye ya cinye ta a hunturu, gara ta bi gindin. Yalo bush, wanda ake jerawa a bakin hanyar shiga gida, yawancin irin da ake sayarwa ba shi da ƙayar a zo a gani, a inuwa kuma rawayar tasa komawa kore take, 'ya'yansa kuma guba ne ga yara. Lantana, mai ƙananan furanni launi-launi a dunƙule, ƙayarta kaikayi ce kawai, tana bazuwa inda ba a gayyace ta ba, tana kuma cutar da dabbobi in sun ci.

Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce 'yar Madagaska mai kaurin jiki da ƙaya tun daga gindi har sama, mai ƙananan furanni ja ko ruwan hoda, wadda masu furanni ke kira kambin ƙaya. Ba ta hawa, da wuya ta wuce ƙugun mutum, amma tana yi da ranar awa uku zuwa huɗu. Aikinta a ƙarƙashin taga ne, da kuma gindin katanga ta ciki, inda mai dirowa zai sauke ƙafa. A jera ta tazarar santimita 40, layi biyu a saɓe. Ruwa ne ke kashe ta, ba fari ba: a Agusta in wurin yana kwantar da ruwa sai ta ruɓe daga ƙasa, don haka a tada kunya mai tsayin kamu ɗaya, a gauraya ƙasar da yashi rabi da rabi. Farin ruwan da ke fita in an karya ta dangin na tinya ne. Yana ƙona fata, kuma in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti.

Lemun tsami ma masu shuka ba sa kawo shi a wannan magana, alhali yana kan layinsu. Wanda aka shuka daga ƙwallo ya fi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshensa a kan wani gindi, ƙaya nesa ba kusa ba, yana haƙuri da rabin inuwa, ganyensa ba ya zuba. In an jera shi tazarar mita ɗaya ana aske fuskarsa, yana zama bango na biyu. Ruwa yake so a kai a kai, shi ne kuɗinsa.

Abin da ba su da shi, kuma shi ya fi dacewa

Babban aibin kasuwar furannin Kano a wannan fanni shi ne ta juya wa dajinmu baya. Kakanninmu sun riga mu sanin wannan aiki. Garuruwa masu ganuwa ba ƙasa kaɗai suka dogara da ita ba; a bayan ganuwa akwai gwalalo, a bakinsa kuma ana barin ƙaya ta yi duhu yadda doki ba ya ratsawa. Har yau in magana ta cuɗe muna cewa ta yi sarƙaƙiya, kuma sunan wani itacen ƙaya ke nan.

Sarƙaƙiya dangin bagaruwa ce, amma maimakon ta tsaya da ƙafarta sai ta jingina da wasu itatuwa ta hau. Ƙayarta gajeru ce, a lanƙwashe kamar ƙugiya, a warwatse ko'ina a jikin reshe ba tsari, har da bayan ganye. Ba ta soka kamar ta aduwa. Kamawa take, in ka ja baya ta ƙara shiga. A daji a bakin rafi da cikin kwazazzabai ake samunta, tana tasowa daga ƙarƙashin manyan itatuwa, shi ya sa ƙuruciyarta ke jure inuwar da boganbiliya ba ta iyawa. A rani tana zubar da ganye, ƙayar dai tana nan. Da iri ake shuka ta. A samo busassun kwansonta masu ja-ja a farkon rani, a fasa, a tafasa ruwa a sauke, a zuba irin a ciki a bar shi ya kwana. Waɗanda suka kumbura su ake shukawa, biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa, a Afrilu, don su isa dashe a ƙarshen Yuni. Laifinta shi ne ba ta san iyaka ba. A siririn lungu ba za ta bar maka hanyar zuwa duba sokawe ba. Wurinta babban fili ne: bayan gidan gona, makaranta, ma'ajiyar kaya, katangar da ke kallon kango.

Haujari, wanda wasu ke kira ƙabdodo, shi ne gwanin inuwa na gaskiya. A daji a gindin tsamiya ko a kan suri ake ganinsa, kore shar ko a tsakiyar bazara, da ƙaya biyu-biyu masu lanƙwasa a gindin kowane ganye. Da don tsaro kaɗai ake magana, shi za mu sa a gaba a ƙarƙashin mangwaro. Amma yana da dafi, makiyaya sun san yadda yake yi wa raƙuma, kuma 'ya'yansa masu ruwan lemo suna jan idon yaro. Gidan da ke da ƙananan yara ko ake ɗaure ragon layya a bayan gida, kada a kai shi. Yana kuma da nawar girma a shekarar farko.

Cizaki ya fi su zama lafiya da mutane. Ƙayarsa miƙaƙƙiya ce, tana kai santimita huɗu zuwa biyar, furensa fari mai ƙanshi, 'ya'yansa in sun nuna sun yi baƙi ana sha. Yana yi a rabin inuwa, yana jingina da waya ya hau in an ɗaure shi, yana karɓar aski. Ga gidan iyali mai inuwar darbejiya, shi muka fi yarda da shi, sai dai a sa rai da shekara uku kafin ya rufe. Magaryar kura, mai ƙaya ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, ita ma tana yi, amma itace ce. In ba a sare kanta duk shekara ba, to za ta yi gangar da za a taka a hau.

Ba za ka tarar da ko ɗaya daga cikin waɗannan a jere a bakin titi ba. Wasu masu shukar, musamman dattawan cikinsu da suka taso a ƙauye, in ka ambaci sunan sun gane, kuma suna karɓar aikin reno in an ba su wata uku da kafin alƙalami. A dage a kan reno daga iri. Wanda aka tono daga daji babbar saiwarsa a yanke take zuwa, yawanci ba ya kamawa.

Aikin dashen

A nan hidimar ta fi rauni. Abin da aka saba shi ne yaro ya zo da fartanya, ya yi rami daidai girman leda a manne da katanga, ya tura shuka, ya watsa ruwa, a biya shi. Gindin katanga kuwa shi ne wuri mafi muni a gida: ɓaraguzan bulo, ragowar siminti, da leɓen fandisho da ke hana saiwa nutsawa. Mai gida ya tsaya a kan aikin, ko ya ba da shi a rubuce.

Rami ya zama santimita 50 faɗi, 50 zurfi, tsakiyarsa kuma ya nisanci katanga da santimita 50 zuwa 60. A kwashe ɓaraguzai a zubar. A cika da ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Takin awaki da tumaki irin na 'Yan Awaki ko na dawaki duk suna yi, da sharaɗin ya shekara ko aƙalla ya yi wata uku a jiƙe a tsibi har ya daina zafi da wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, kuma shi ne ke kiran gara. Kafin a dasa a cika ramin da ruwa. In bayan awa uku yana nan tsaye, a ƙara zurfi a fasa dandaɓar da ke ƙasa. Tazara tsakanin boganbiliya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, cizaki mita ɗaya, sarƙaƙiya mita biyu. Mai sayarwa zai ce a matse su don su yi saurin rufewa. Leda yake son ƙarar da ita. A inuwa shukar da aka matse junansu suke shaƙewa.

Idan ƙarƙashin darbejiya ne, ramin da aka cika da taki gayyata ce ga saiwoyinta, cikin wata shida sun mamaye shi. Maganin shi ne rabin duro da aka cire wa gindi, a binne shi a ramin a bar yatsa uku a waje, a dasa a ciki. Yana ba shukar shekara ɗaya zuwa biyu ta yi ƙarfi kafin gasar ta fara. A cikin gari kuwa, inda katanga ta ƙasa ce, kada a haƙa rami ko a riƙa zuba ruwa a gindinta sam. A sa cikakken rabin duro mai hudoji a kan bulo, mita ɗaya daga bango.

Babu ɗaya daga cikin shukokin nan da ke manne wa bango da kansa, sai an yi masa abin hawa. Masu walda za su kawo shawarar ragar ƙarfe ko ta katako. Wannan tsani ne ka kafa da kuɗinka. Abin da ake so waya ce marar tsatsa mai kaurin milimita biyu zuwa biyu da rabi, ana samunta a Ƙofar Ruwa, wadda za ta ɗauki reshe amma ba ta ba ƙafa wurin tsayawa. A kafa ƙusoshi masu zobe duk mita ɗaya da rabi, su fito daga bango santimita biyar zuwa takwas don iska ta riƙa bi ta baya, in ba haka ba filasta tana yin baƙi tana ɓarewa. A ja layukan waya a kwance tazarar santimita 40, na farko ya fara daga mita ɗaya. A saman katanga a kafa sandunan ƙarfe masu tsayin santimita 50 duk mita biyu, a ja waya biyu a jikinsu. Nan ne gammon ƙayar zai zauna. Ɗauri da tsumma ko yankan tsohon tiyub ake yi, a sake-sake. Wayar ɗaurin rodi tana shiga cikin reshe in ya yi kauri, iskar farkon damina ta karya shi daidai wurin.

Wanda yake da wayar wuta a katanga ya zaɓi ɗaya, ko ita ko shuka. Ganye ɗaya mai laima in ya taɓa ta yana zuƙe ƙarfinta, ƙararrawa ta yi ta kuka a banza har a gaji a kashe ta. Waya mai reza kuwa suna zama tare, sai dai nauyin rassa yana kwantar da ita in sandunanta ba su da ƙarfi. A bar mita ɗaya fili a kewayen fitilar tsaro, kyamara, indararo da wayar lantarkin da ke shigowa gida.

Lokacin dashe ƙarshen Yuni ne zuwa tsakiyar Yuli, bayan ruwa ya zauna. Dashen Agusta ruɓa yake a inuwa, na Maris kuma ƙonewa. Daga Oktoba, a shekarar farko, kowace shuka tana son rabin jarkar 'yan garuwa sau biyu a mako, a bazara sau uku, a zuba a hankali ya nutse. Yayyafin kullum saiwa yake tarawa a sama. Ƙasar inuwa ba ta saurin bushewa, don haka a tura yatsa tukuna; in da danshi a gaɓa ta biyu a ƙyale. Ruwan alwala yana yi, na wanki mai omo da bilic ba ya yi. Takin zamani NPK 15:15:15 cikin kwalin ashana ɗaya ya isa, sau biyu a damina, a zagaye nesa da gindi kamu ɗaya. Yuriya a bar wa masara: tana sa ganye ya yi yawa, reshe ya yi laushi, ƙaya ta yi taushi, darɓa ta samu wurin zama.

Inuwa da rashin iska suna kawo farin ƙwaron nan mai kama da auduga a hammatar ganye. Cokalin shayi ɗaya na man darbejiya da ɗan ruwan sabulu a lita ɗaya na ruwa, a fesa da yamma duk mako har sau uku. A kuma bi sawun tururuwa, domin su ke kiwonsa. Gara kuwa ana rage ta da hana busasshen ganye taɓa gindi, da kankare duk hanyar ƙasa da ta fara ginawa a jikin kara tun tana sabuwa. In awaki suna shigowa, a kewaye ƙananan da ragar kaji, don kafin ƙaya ta yi ƙwari suna cinye boganbiliya da sarƙaƙiya har ƙasa.

Abin da masu shuka ba sa faɗa ko kaɗan shi ne aski. Shingen ƙaya da aka ƙyale shekara biyu cikinsa yana cika da matattun rassa da busasshen ganye, ya zama gidan ɓera, maciji ya biyo ɓera, a hunturu kuma tartsatsin shara ɗaya daga waje ya ishe shi kamawa. Sau biyu a shekara ake shiga: a Mayu kafin iskar farkon damina, a rage nauyin sama, a Oktoba a fitar da matattu daga ciki. A bar santimita 30 na ƙasa fayau yadda tsintsiya za ta shiga. Duk reshen da ya kai kaurin wuyan hannu a gindi, ya kuma kwanta yadda za a iya takawa, a cire shi a bar sabon toho ya maye gurbinsa. Mai askin ya sa safar hannu ta fata irin ta masu walda, da tabarau, da takalmi mai kaurin ƙasa. Ƙayar boganbiliya tana ratsa silifa, raunin kuma yana saurin kumbura, don haka a tabbata allurar tetanos ɗinsa ba ta tsufa ba. Rassan da aka sare kada a jibge su a lungu inda yara da almajirai ke bi ba takalmi, a tara a ƙone a cikin duro. Ta waje ma kada a bar komai ya sauko ƙasa da mita biyu, ta gefen maƙwabci kuwa a yi magana da shi tun kafin a dasa.

A dunƙule, kayan masu furannin bakin titi suna da kyau kuma da arha ga katangar da samanta ke shan rana, matuƙar mai saye ya san irin da zai nuna kuma ya ɗaga leda. Ga inuwar itace ba su da haja, sai an sa su reno. Shawararsu a kan wuri ba abar dogaro ba ce, dashensu kuma sai da sa ido. Sannan ko wace aka dasa, damina biyu zuwa uku take ɗauka kafin ta tare komai, saboda haka kwalabe ko wayar da ke kan katanga yanzu su zauna inda suke.

Wajen ciniki, a raba kuɗin shuka da na aiki, a riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin sai bayan mako shida, da sharaɗin duk wadda ta mutu a canja ta. Masu shukar da suka yarda da kayansu ba sa musu a kan wannan. A kuma sayi leda biyu ko uku fiye da lissafi, a ajiye su a gefe ana ba su ruwa, domin giɓin da aka cike a Satumba da sa'ar sauran yana kamo su, wanda aka bari sai baɗi kuwa nan ne ƙofar da za ta rage a shingen.